Nazarin lamari: yadda aka gina filin jirgin sama a cikin ɗaki domin fim ɗin Casablanca, 1942

Asalin lamarin: Disamba 1941 zuwa Mayu 1942

Wannan nazari ya shafi ma'aikatan wani fim guda da aka yi a sutudiyon kamfanin Warner Bros. da ke Burbank, a jihar Kalifoniya ta Amurka, da matsalar da suka yi ta fama da ita tun daga ranar da aka kunna kyamara har aka kai fim ɗin sinima. An ba su labarin soyayya da ke faruwa a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, wanda zai ƙare da rabuwar masoya da dare a gindin jirgin sama, alhali kuwa ba su da halin zuwa Maroko, ba su da izinin haska filin jirgi da dare, kuma marubuta ba su gama rubuta ƙarshen labarin ba.

Labarin ya samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da Murray Burnett da Joan Alison suka rubuta, wanda a lokacin ba a taɓa nuna shi a dandali ba. Rubutun ya isa kamfanin a Disamba 1941, a makon da Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka kuma ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Furodusa Hal Wallis ya sa aka saye shi a kan dala 20,000, ya sauya masa suna, ya damƙa aikin ba da umarni ga Michael Curtiz, haifaffen ƙasar Hangari. Ɗaukar hoto ta faɗa hannun Arthur Edeson, tsohon hannu wanda ya ɗauki *Frankenstein* a 1931 da *The Maltese Falcon* a 1941, shi kuwa Carl Jules Weyl aka ɗora masa zana gine-ginen saiti.

A taƙaice, labarin na Rick ne, Ba'amurke mai gidan shaƙatawa da caca a Kasabalanka, inda 'yan gudun hijira daga Turai ke zaman jiran takardar fita zuwa Lisbon. Ilsa, wadda ta yi watsi da shi a Paris ranar da Jamusawa ke shirin shiga birnin, ta bayyana tare da mijinta Victor Laszlo, jagoran masu gwagwarmaya da 'yan Nazi, takardun izinin wucewa guda biyu da suke nema kuma suna hannun Rick.

Abin da aka shiga ɗauka da shi: 25 ga Mayu

An fara ɗauka ranar 25 ga Mayu 1942 da abubuwa da dama a rataye. A wannan shekara hukumar da ke kula da kayan yaƙi ta Amurka ta ƙayyade cewa kada kowane fim ya kashe fiye da dala 5,000 a kan sababbin kayan gina saiti, saboda katako da ƙarfe da ƙusa duk sojoji na bukatarsu. A gaɓar tekun yamma kuma an takaita haska fitilu da dare don tsoron harin jiragen Japan. Paul Henreid, wanda zai fito a matsayin Laszlo, yana can yana ƙarasa fim ɗin *Now, Voyager*, bai iso ba sai bayan kusan wata guda. Tagwayen marubuta Julius da Philip Epstein tare da Howard Koch suna ta miƙo shafuka ana ɗauka, Casey Robinson kuma yana gyara sassan soyayya ba tare da an sa sunansa ba.

Saboda haka aka fara da abin da ake da shi a hannu, wato kwanakin Rick da Ilsa a Paris, waɗanda ba sa bukatar Henreid. Matsalar kayan gini aka yi mata maganin aro. Titin kasuwar da aka gina wa fim ɗin *The Desert Song* shi aka mayar kasuwar Kasabalanka, tashar jirgin ƙasa ta *Now, Voyager* ta zama tashar Paris, aka kwarara mata ruwan sama na famfo, aka cika ta da mutane da akwatuna har mai kallo bai samu sararin duba bango ba. Titunan Paris kuwa tsofaffin hotuna ne da aka haska a farin allo a bayan jaruman suna cikin mota.

Gidan Rick: gwajin haske a watan Yuni

Babban saitin da aka gina sabo shi ne gidan Rick, kuma an gina shi ne kashi uku waɗanda ba su haɗe da juna ba. Weyl ya cika shi da ginshiƙai da ƙofofi masu lanƙwasa irin ta bakan gizon da maginanmu ke ɗaurewa a soron sarki, da fitilu masu huda-huda, da tukwanen shuke-shuke masu dogayen ganye. Hotunan farko da aka wanke ba su gamsar da Wallis ba. Ya aika wa Edeson takardu yana ƙorafin cewa shirya fitilu na cin lokaci, sa'an nan yana neman a rage hasken gidan, baƙi ya zama baƙi sosai, fari ya zama fari, bango da abin da ke nesa su nutse cikin inuwa. Haske mai game ko'ina yana tona ƙarancin saiti, kuma yana sa gidan da ya kamata ya cika da zullumi ya yi kama da wurin biki.

Da aka rage hasken, sai saitin ya fara yin aikin da ba a biya kuɗinsa ba. Fitila ɗaya da aka ajiye a bayan ganye ko bayan tagar katako tana zana layuka a bango da jikin mutane, kamar sandunan kurkuku, a garin da kowa ke zaman jiran fita. An kuma ƙirƙiro hasumiyar filin jirgi a kusa da gidan, mai fitila da ke juyawa, ta yadda kowane ɗan lokaci haskenta zai ratsa ƙofar gidan ya wuce. Da wannan fitila guda aka dasa wa mai kallo filin jirgin a zuciya tun da wuri, ba tare da an gina shi ba.

Fitowa biyu sun isa misalin yadda aka yi amfani da sabon tsarin. A karo na farko da za a nuna Rick, kyamara ba ta fara da fuskarsa ba. Ana ganin hannu yana sa hannu a takardar kuɗi, sa'an nan sigari na ci a faranti, da kofi, da allon darar Turawa da babu abokin wasa a ɗaya gefen, kafin kyamara ta ɗaga kai ta nuna Humphrey Bogart cikin farar kwat. Kafin ya buɗe baki an riga an san mutum ne mai iko da ke zaman kaɗaici. A wata fitowar, Rick ya hau ofishinsa da Kyaftin Renault, Bafaranshe shugaban 'yan sandan garin, domin ɗauko faran 20,000 da wani ya ci a caca. Rick ya fita daga firam, wato iyakar abin da kyamara ke ɗauka, Renault ya tsaya yana magana, abin da ake gani kawai inuwar Rick ce a bango, ƙatuwa, tana buɗe akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Da haka aka haɗa mutum biyu a hoto guda ba tare da yanka ba, aka kuma huta da nuna ɓangaren ɗakin da ke bayan kyamara.

Tsayin jarumai da fuskar jaruma

Ingrid Bergman, 'yar ƙasar Suwidin mai fitowa a Ilsa, ta fi Bogart tsawo da kimanin inci biyu, a zamanin da masu fim ba sa yarda namiji ya ɗaga kai yana kallon masoyiyarsa. Maganin farko shi ne na fili: a ɗaura masa takalmi mai tudu, ko ya tsaya a kan katako, ko a sa masa matashi idan suna zaune. Wannan ya yi aiki a hoton da aka yanke daga ƙugu zuwa sama, amma bai yi ba idan za a ga ƙafafu ko za su yi doguwar tafiya tare. Saboda haka aka koma ga tsarin tsayuwa da zama. Duk wanda ya bi fim ɗin da lura zai ga cewa a yawancin fitowar da suke tare, ko dai ɗaya na zaune ɗaya na tsaye, ko tebur ya shiga tsakaninsu, ko kuma ita ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

Fuskar Bergman an ware mata nata tsarin. An fi ɗaukarta ta gefen hagu, wanda ita kanta ta fi so, an sa siririn ƙyalle mai shara-shara a gaban gilashin kyamara don hoton ya yi laushi, aka kuma ajiye 'yar ƙaramar fitila da ke sa ƙwayar idonta ta yi ƙyalli kamar hawaye na shirin zubowa. Shi kuwa Bogart an bar masa haske mai kaifi daga gefe, rabin fuskarsa a duhu. Bambancin ya fi fitowa a daren da aka rufe gidan, Rick na zaune yana sha, Sam, makaɗin gidan, na gefe a kan fiyano, sai ƙofa ta buɗe can nesa Ilsa ta bayyana cikin fararen kaya, haske na bayanta.

Akwai wata matsala da fitila ba ta iya magancewa. Bergman ta sha faɗa daga baya cewa ta tambayi wanda ya kamata ta nuna tana so a cikin mazan biyu, aka ce mata ta tsaya a tsakiya tukuna. A zahiri ƙarshen ba a ɓoye yake ba, domin dokar tace finafinai ta lokacin, wadda ofishin Joseph Breen ke zartarwa, ba za ta bari matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba, kuma ko a wasan asali Rick ne ke tura matar ta tafi da Laszlo. Abin da ba a sani ba shi ne yadda za a kai ga hakan mai kallo ya yarda. Curtiz ya mayar da wannan rashin tabbas tsarin hoto: ya riƙa ajiye Ilsa a tsakanin mazan biyu, ko ya nuna fuskarta ita kaɗai tana kallon wani abu da ke wajen firam. A fitowar da Laszlo ya sa makaɗa su buga taken Faransa don danne waƙar hafsoshin Jamus, kyamara ta koma kan Ilsa tana kallon mijinta, kuma wannan kallo shi ne hujja mafi ƙarfi da fim ɗin ya bayar ta dalilin da ya sa ta aure shi.

Filin jirgi: watan Yuli

A farkon fim ɗin akwai saukar Manjo Strasser, hafsan Jamus, kuma an ɗauke ta da rana a filin jirgi na gaske da ke Van Nuys, kusa da Los Angeles. Rabuwar ƙarshe kuwa doguwar fitowa ce ta dare mai maganganu da yawa, saboda haka babu yadda za a yi a kwana ana haska fili a waje. Dole aka mayar da ita cikin ɗakin ɗauka a Burbank, inda jirgi na gaske ba zai samu wurin da zai yi nisa da kyamara ba.

Aka ƙera jirgin bogi da katako da kwali, a kan siffar ƙaramin jirgin fasinja ƙirar Lockheed 12, amma bai kai girman na gaske ba. Manufar ita ce idan aka ajiye shi a ƙuryar ɗakin, ƙanƙantarsa za ta sa a ɗauka nisa ne. Wannan dabara ita kaɗai ba ta wadatar ba, don da zarar mutum mai cikakken tsawo ya tsaya kusa da shi asiri ya tonu, jirgin da babu kowa a gindinsa kuma ba ya kama da mai shirin tashi. Mataimakin darakta Lee Katz ya kawo shawarar a ɗauko wadanni a sa musu kayan makanikai su riƙa kai-kawo a gindinsa. Da aka yi haka sai ma'aunin ya daidaita, ido ya auna jirgin da mutanen da ke kusa da shi ya ba shi girman da ba shi da shi.

Saura fatar jirgin, wadda a haske ba ta kama da ƙarfe, da kuma bangon ɗakin da ke bayansa. Aka cika wurin da hazon da inji ke fesawa, aka jiƙa ƙasa don ta riƙa mayar da hasken fitilu kamar kwalta bayan ruwa. Don kada hazon ya zama abin tambaya, sai aka sa shi a cikin maganar fim: da buɗe fitowar ana ganin wani jami'i yana sanar da hasumiya ta waya cewa jirgin Lisbon zai tashi nan da minti goma, ana iya hangen mil ɗaya da rabi, akwai ɗan hazo a ƙasa. (Kasabalanka a bakin Tekun Atalantika take, hazo ba baƙo ba ne a can, ko da yake fim ɗin na yi wa garin ba'ar hamada.) Hazon ya kuma ba da dalilin sa wa jaruman manyan riguna da huluna. Rick ya bar farar kwat ɗinsa ta gidan shaƙatawa ya koma rigar ruwa mai ɗamara da malafar Turawa, irin shigar da ya yi a tashar Paris ranar da aka bar shi tsaye da wasiƙa ruwa na wanke tawadarta.

Da aka rufe bayan fage, sai aikin ya koma kan inda kowa zai tsaya, kuma a nan ne aka fi zuba hankali. Mutum huɗu ne suka sauko daga mota. Abu na farko da aka yi shi ne fitar da Laszlo daga firam, da hujjar ya bi ma'aikaci ya ga an loda kaya. Renault aka tura shi tebur ya cike takardu. Lokacin da Rick ya ce a rubuta sunan Laszlo da matarsa, kyamara ta matso da sauri zuwa fuskar Ilsa, daga nan kuma firam ɗin ya tsuke ya rage su biyu, suna fuskantar juna, bakin hularsa da bakin tata sun kusa haɗuwa, jirgin na can baya a dushe. Matsalar tsawo ba ta taso ba, tunda ba a ganin ƙafa, kuma an tsara hoton yadda ita ce ke ɗan ɗaga ido. Da ta sunkuyar da kai, inuwar hularta ta rufe mata ido, sai ya sa hannu ya ɗago haɓarta, hasken ya koma kan fuskarta.

Bayan Laszlo ya dawo, aka sake buɗe firam ya ɗauki mutum uku. Sai ƙarar inji, aka yanka zuwa farfela tana juyawa, su ukun suka waiwaya, aka bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da kalma ba. Da mijin ya tambaye ta ko ta shirya, Ilsa ta amsa, ta taka ta koma gefensa, Rick ya rage shi kaɗai a nasa ɓangaren hoton. Matar da aka yi ta ajiyewa a tsakiya tun farkon fim ta bar tsakiya a wannan taku. Daga nan aka nuna su biyu suna tafiya cikin hazo, mijin na satar kallonta, ita kuma ba ta waiwayo ba.

Ragowar an yi ta da sauri. Strasser ya iso, ya ɗauki waya don tsayar da jirgin, ya zaro bindiga, Rick ya riga shi. Da 'yan sanda suka iso, an yanka tsakanin idon Rick da na Renault kafin Renault ya ba da umarnin a je a kamo waɗanda aka saba zargi. Ya ɗauki kwalbar ruwan Vichy, sunan garin da gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus ke zaune, ya jefa ta kwandon shara ya yi fatali da shi. Ya ambaci sansanin Faransawa masu 'yanci da ke Barazabil, su biyun suka juya baya suka nufi cikin hazo, kyamara na ɗagawa sama har suka ƙanƙance.

Gyara da yunƙurin ƙari: Agusta zuwa Nuwamba

An kammala ɗauka ranar 3 ga Agusta 1942, kuɗin da aka kashe ya kai kimanin dala miliyan ɗaya. Tunda a hoton ƙarshe ba a ganin bakin jaruman, sai aka samu damar sa musu magana daga baya. Wallis ne ya zaɓi jimlar rufewa kan abota, aka kira Bogart ya karanta ta bayan makonni. Mai kiɗa Max Steiner ya so a sauya waƙar da Sam ke rerawa da tasa, hakan bai yiwu ba saboda Bergman ta riga ta aske gashinta don wani fim, ba a iya sake ɗaukar fitowar da take ambaton waƙar.

Ranar 8 ga Nuwamba sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, sunan Kasabalanka ya cika jaridu. Aka yi shirin ƙara sabuwar fitowa da za ta nuna Rick da Renault a jirgin ruwa tare da sojoji. Samun Claude Rains, mai fitowa a Renault, ya yi wuya, furodusa David O. Selznick kuma ya kalli fim ɗin ya ce taɓa ƙarshensa babban kuskure ne, sai aka bar maganar.

Sakamako

An fara nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga Nuwamba 1942, aka sake shi ko'ina ranar 23 ga Janairu 1943, daidai lokacin da shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Birtaniya Churchill ke taro a Kasabalanka. Tsawonsa minti 102. A bikin Oscar na Maris 1944 ya shiga takara a fanni takwas, ya ci uku: fim mafi kyau, darakta, da rubutu. Edeson ya shiga takarar ɗaukar hoto marar kala amma bai ci ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka fitar da wani kwafi da aka shafa wa kala da kwamfuta, bai samu karɓuwa ba.

Hukunci

Dabarun da suka gaza duk iri ɗaya ne: haske mai yawa a gidan Rick, jirgin bogi a fili, da takalmi mai tudu a hoto mai faɗi, kowannensu yana gayyatar ido ya duba abin da ba zai jure dubawa ba. Waɗanda suka yi aiki kuwa sun rage abin da ake gani, suka bar wa mai kallo alama ɗaya mai ƙarfi ya cike sauran da kansa, ko fitilar hasumiya, ko inuwa a bango, ko makanikai a gindin jirgi. Kwafin mai kala ya tabbatar da haka ta bayan gida, domin kala tana raba abubuwan da duhu ya haɗe, ta jawo ido kan labule da tufafi.

A ganina abin da ya fi hazo da wadanni muhimmanci shi ne tsarin tsayuwa. Dalilan da Rick ya jero wa Ilsa a bakin jirgi suna da rauni idan aka karanta su a takarda, kuma ba a ba ta damar yin gardama sosai ba. Mai kallo ya yarda ne saboda an shafe fim ɗin ana nuna masa mace a tsakanin maza biyu, sa'an nan aka nuna masa ta matsa gefe guda da ƙafarta.

Wannan tsari yana da nasa aibin. Firam ɗin da aka tsuke a kan fuskoki uku ya tura mutanen ƙasar waje. 'Yan Maroko a fim ɗin ba su wuce mai gadin ƙofa da 'yan kasuwa da taron da ke wucewa a baya ba, a garin da yake nasu kuma Faransa ke mulka. Sam, wanda Dooley Wilson ya fito a matsayinsa, ya fi kowa sanin tarihin masoyan, amma kusan kullum yana zaune ƙasa da su a kan ƙaramin fiyano mai taya da ake turawa daga tebur zuwa tebur, kuma ba ya cikin waɗanda aka kai filin jirgi. Rick ya sayar da gidan ga Ferrari, mai wani gidan shaƙatawa a garin, ya sa sharaɗin a ci gaba da ba Sam kasonsa na riba, daga nan fim ɗin bai sake nuna shi ba.